Neman shawara: buton ɗin amplina yana ƙarar yashi, in canza shi ko in wanke?

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Ina da amplin gita mai tiranzista, wato na'urar ƙara sautin gita, wanda yayana ya bar mini da zai koma Tawa. Shekara huɗu ke nan ina zuwa bukukuwa da shi a nan Yamai. Tun da hunturu ya shigo, buton ɗin siririn sauti, wanda aka rubuta Treble a samansa, ya fara ƙarar yashi in na murɗa shi. Yanzu kuma in ya kai tsakiya sai sautin ya ɗauke gaba ɗaya, sai na ɗan girgiza shi ya dawo. Na buɗe baya na ga an rubuta B50K a jikin potansiyometir ɗin, wato ɗan abin da buton yake juyawa daga ciki. Na je kasuwar Katako, wani mai tebur ya ba ni A50K ya ce duk ɗaya ne. Ban saya ba tukuna. Ina da biki ran Asabar, kuma ba na son in lalata abin da yayana ya amince ya bar mini. Me kuke gani?

Wani mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka yi saurin ɗaukar ƙarfen dalma. A cikin potansiyometir ɗin akwai wata hanya ta baƙin gawayi da ɗan harshen ƙarfe ke bi a kai, ƙurar nan tamu ce ke shiga tsakaninsu. Ka cire wuta, ka fesa maganin wanke kayan lantarki ta ɗan ramin da ke kusa da ƙafafunsa uku, ka murɗa shi kamar sau talatin, ka bari ya bushe. Sau da yawa aikin ke nan.

Wani mai kiɗan bas: Ni man feshin nan na cire tsatsa na sa wa nawa, ya yi shiru.

Mai gyaran rediyo: Ɗan'uwa, shirun kwana kaɗan ne. Maiƙon yana zama a ciki ya kama ƙura ya zama laka. Na sha karɓar irinsu.

Wani dattijo, tsohon makaɗi: Yaro, ƙara kawai wanki na iya maganinta, amma ɗaukewar sauti a wuri guda kullum, wannan hanyar gawayin ce ta cinye, don a nan kake ajiye shi shekara da shekaru. Ka gwada wankin, ba asara, sai dai ka shirya canji. Kuma maganar mai tebur ba haka take ba. Lambar 50K daidai ce, harafin ne ya bambanta. Mai B yana hawa daidai wa daida, a tsakiya mitar awon lantarki za ta nuna maka wajen 25K. Mai A yana tafiya a hankali da farko, sannan ya yi tsalle. Ba zai ƙona komai ba, amma duk gyaran sautinka zai taru a gefe guda, hannunka ya rikice tsakiyar kiɗa. Wani abu kuma, tsofaffin kayan Turai sukan juya haruffan, A ya zama mai hawa daidai. Don haka ka tafi da mita, ka sa sabon a tsakiya, ka auna daga ƙafar tsakiya zuwa ta gefe. Ka tafi da tsohon ma a aljihu, ka gwada tsawon sanda da tazarar ƙafafu, kar ka dawo gida hular buton ta ƙi shiga.

Mai gyaran rediyo: Gaskiyar Baba ce. In a kan allon da aka jera kayan lantarkin amplin yake zaune, ka ɗauki hoto kafin ka taɓa, ka tsotse tsohuwar dalma tas, kar ka fizge, hanyar tagullar tana ɓarewa in zafi ya yi yawa. Manyan kondansatar ɗin nan suna riƙe wuta ko an cire filogi. Naka da sauƙi, amma masu ampli mai bawul, wato mai 'yan kwalaben gilashi a ciki, su ji: can wuta na wuce bolt 400, a kai wa mai sana'a.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Malam. Na wanke jiya, ƙarar ta tafi amma ɗaukewar tana nan a tsakiya. Ban taɓa cire abu daga allo ba, hannuna ma rawa yake. Malam, in na samo B50K gobe da safe, zan iya kawo maka shago ka sa mini ina kallo?

Mai gyaran rediyo: Kawo bayan azahar, ka zo da gitarka mu gwada a nan.