Wane suna za mu ba keken "garabul" da Hausa?

Ɗan Wudil: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar hanyoyin keke na ƙauyukan da ke kewaye da Wudil, an tsaya a kan suna. Turawa suna ce wa tuƙi a hanyoyin da ba kwalta da kekensa "garabul", daga kalmarsu ta ƙananan duwatsun da ake shimfiɗawa a hanya. Kan keken a lanƙwashe yake zuwa ƙasa kamar na tsere, amma tayarsa ta fi faɗi, milimita 35 zuwa 50, alhali ta keken kwalta 25 zuwa 28 ce. Birkinsa na faifai ne, kuma an bar sarari tsakanin taya da ƙarfen jikin keken don laka ta wuce. Ba ƙaramar harka ba ce a waje: tseren mil 200 na garin Emporia a jihar Kansas ta Amurka tun 2006 ake yinsa, hukumar kekuna ta duniya kuma ta fara gasar fidda zakaran duniya na irin wannan tuƙi a Italiya a 2022. Abin da aka rubuta na wucin gadi shi ne "keken tsakuwa". Malamai, a duba mana.

Malam Na Kura: Wa'alaikumus salam. Ɗan Wudil, a cire tsakuwa. Bahaushe idan ya ji tsakuwa, tifa yake gani da bakin gini, ko abin da ake tsincewa a shinkafa. "Keken tsakuwa" zai zama keken da ke dakonta, yadda ake cewa keken ruwa ko keken itace. Hanyar da aka zuba wa jar ƙasa mai ƙananan duwatsu, gireda ta baje, aka daddaɓe, muna da sunanta tuntuni: burji. Duk wanda ya bi gefen manyan magudanan ruwan Tiga a Kura, Bunkure da Garun Malam ya san ta. Keken burji ke nan, tuƙin burji, tseren burji.

Ɗan Gumel: Malam, Allah ya ƙara sani, amma burjin naku na kudu da birnin Kano ne. Daga Gumel zuwa Maigatari, da ka sauka daga kwalta yashi za ka tarar, sai turbar amalanke mai layi biyu da tudu a tsakiya. Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari kofaton shanu ya gama tone ta. A nan taya mai milimita 38 nutsewa take, kan keken ya riƙa karkacewa. Sai 45 zuwa 50, a rage iska, a koma giya mai sauƙi, a matsa baya a kan sirdi, a saki hannu kaɗan don tayar gaba ta nemi hanyarta, kuma kada a daina feda, don da ka tsaya ba ka sake tashi sai da turi. Ni "keken karkara" nake gani, ya haɗa burji da yashi da burtali.

Baba Mai Faci: Yaro, keken karkara ai yana da mai shi. Phoenix da Raleigh da Hero masu birkin sanda, waɗanda ake ɗora wa buhun gero a kariya, su ne kekunan karkara, kuma ba su mutu ba. Ka shiga shago ka ce a ba ka tayar keken karkara, 28 da 1½ za a miƙo maka. Gargarenta milimita 635 ne, na wannan sabon keken 622 ne, wanda ake rubuta wa 700C. Duk ana ce musu inci 28, amma taya ba ta zama, za ta yi yawa ta fice. Tib ɗin ma matsala ne: ramin bawul na sabon gargare siriri ne, bawul ɗin tib ɗinmu ba ya shiga sai an huda, hudawar kuwa ɓata gargare ce. Saboda haka sunan da zai sa mai shago ya rikice ba suna ba ne. Mai fita ƙauye ya ɗauki tib biyu nasa, da ɗan bakin da ake murɗawa a kan siririn bawul don famfon mai faci ya kama.

Ɗan Gumel: Na karɓa, Baba. To "keken daji" fa?

Malam Na Kura: Wannan a bar wa mai miƙaƙƙen kai da sifirin a gaba, mai taya inci 2 da wani abu, wanda aka yi don duwatsu irin na Dutse. Kuma a zamanin nan ka rubuta "tuƙin daji" a takarda ka kai wa mai gari, kai ma ka san tambayar da za ta biyo baya.

Malamar Hausa: Ina bayan burji, ga dalilina. Suna ba ya ɗaukar duk aikin abu. Muna cewa keken ɗinki ko da aikin ado ake yi da shi, muna cewa motar kasuwa ko da biki ta kai mutane. Su kansu masu kalmar ba a kan duwatsu kaɗai suke tuƙi ba, suna shiga laka da ciyawa da guntun kwalta. Abin dubawa shi ne kalmar ta ginu. Burji tana ginuwa: keken burji, tayar burji, 'yan burji, zagayen burji. Gwada da karkara, "'yan karkara" ya riga ya zama wani abu daban. An kawo min "keken gargada" ta gefe, yana da daɗin faɗa, amma gargada lalacewar hanya ce, ba irinta ba, kwalta ma tana gargada. Shi kuma lanƙwasasshen kan, yara sun riga mu, ƙahon rago suke ce masa, a bar musu.

Ɗan Wudil: Malama, mun gode. Tunda haka ne ga yadda za a rarraba hanya a takardar, kowane zango da sunansa: kwalta, burji, gargada, yashi, burtali, fadama. Zagaye na kilomita 40 zuwa 50, a fita bayan asuba a dawo kafin rana ta take. A burji mai kyau matsakaicin mai tuƙi yana yin kilomita 18 zuwa 20 a awa, a yashi rabin haka ma da ƙyar, don haka za a rubuta tsawon yashin daban. Ranar Juma'a a kauce wa hanyoyin da ke shiga kara, kasuwar shanu ta Wudil, tirelolin shanu da garken da ake korowa sun cika su, ƙurar ba ta bari ka ga rami. Fadamar bakin kogi kuwa daga Yuli zuwa Satumba a cire ta gaba ɗaya. Lakar tana naɗewa a taya har ta cike sararin ƙarfe, wanda ya matsa da ƙarfi sai ya karya mariƙin giyar baya. Bayan kaka zuwa ƙarshen sanyi ne lokacinta.

Baba Mai Faci: A ƙara da ƙaya, ita ce ainihin abin da ke mayar da mutane gida a ƙafa. Bayan girbi tsidau yana zube a bakin gonaki, a burtali kuma ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da aka yi shinge da su. Tib ɗaya zai iya samun huda uku kafin hantsi. In an ciro tib a shafa cikin tayar da tsumma a hankali, ƙayar tana nan a maƙale, in ba a zare ta ba sabon facin ma banza ne. Huda biyu gefe da gefe kuwa ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi kaɗan gargare ya matse tib a kan dutse. Mai nauyin kilo 70 a kan taya mai milimita 40, iska 35 zuwa 40 a ma'aunin psi na gejin famfo ta isa, ta baya ta ɗara ta gaba da 2 ko 3. Masu cika ta ƙam har 60 suna zaton gudu suke ƙarawa, a gargada keken tsalle kawai yake, hannu ya mutu, birki bai kama ƙasa ba. Sannan a daina zuba wa kaca baƙin mai. Yana kama jar ƙura ya zama abin wasa ƙarfe, ya cinye kaca da haƙoran giya. A goge da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, a sake gogewa.

Ɗan Gumel: Baba, wannan ya kawo mu ga tayar da ba ta da tib, wadda ake zuba wa farin ruwa yana toshe huda da kansa. A yankinmu ita ce magani, don ita ce ke ba ka damar sauke iska zuwa 30 a yashi ba tare da matse tib ba. Na yarda da keken burji, da sharaɗin a rubuta nisan yashi a kowane zagaye. Amma shi ruwan me za mu kira shi?

Malam Na Kura: Ruwan faci.

Baba Mai Faci: A'a Malam, mai saye in ya ce haka, sholisho za a ba shi. Ruwan toshe ƙaya ya fi, ko a taƙaice ruwan ƙaya. Mililita 60 a kowace taya, a juya ta ya zagaye. A zafin bazara yana bushewa cikin wata biyu zuwa uku, a girgiza taya a kusa da kunne, in ba a ji motsinsa ba a cire zuciyar bawul a ƙara. Huda ƙarama yake toshewa. In dutse ya tsaga gefen taya, sai an sa tib, a ɗora guntun tsohuwar taya ko naɗaɗɗiyar ledar fiya wata daga ciki ta tare tsagar, a tuƙa a hankali zuwa bakin kwalta.

Ɗan Wudil: An rubuta: keken burji, ƙahon rago, ruwan ƙaya. Ɗan Gumel, a turo mana awon yashin ɓangarenku, zango zango, da inda ake samun rijiyar burtsatse a hanya.