GCC 9 ya ƙi harhaɗa manhajar da ke buƙatar C++20

Sani (Ali Ɗan Sofo):
Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a nan unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, kuma ina son in harhaɗa wata buɗaɗɗiyar manhaja daga tushenta a kan tsarin aiki na Ubuntu 20.04. Na girka build-essential (ƙunshin kayan harhaɗa manhaja), amma CMake, mai shirya aikin harhaɗawar, ya tsaya, yana cewa aikin yana buƙatar C++20 (sigar 2020 ta harshen rubuta manhaja na C++), alhali kwamfailar da ke kwamfutata, wato manhajar da ke yin harhaɗawar, GCC 9 ce. Ina tunanin in sauke tushen sabon GCC in gina shi da kaina, sai dai ƙwaƙwalwar na'urar giga 4 ce kawai, kuma kuran ba ya zama a unguwarmu. Wace hanya ce ta fi dacewa?

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka taɓa gina GCC da kanka a kan wannan na'ura, domin sai ka fara tanadar laburaren lissafi na GMP da MPFR da MPC, sannan kwamfailar takan harhaɗa kanta har sau uku don ta tabbatar da ingancinta, aikin da zai cinye maka awoyi masu yawa. Akwai g++-10, wato kwamfailar C++ ta GCC 10, a rumbun Ubuntu 20.04; ka girka shi da apt (umarnin girka manhaja a Ubuntu), ka nuna wa CMake shi ta hanyar CXX=g++-10. Abin da ke kayar da mutane da yawa shi ne fayil ɗin CMakeCache.txt da ke cikin jakar build, wanda yake riƙe sunan tsohuwar kwamfaila, saboda haka ka share jakar build gaba ɗaya kafin ka sake gwadawa.

Hadiza:
Shawarar Malam daidai ce, amma ni a ganina gara ka koma Ubuntu 24.04 mai GCC 13, domin GCC 10 bai cika dukan C++20 ba, kuma CMake 3.16 da kake da shi ya tsufa ga ayyuka da dama. Idan kuɗin intanet ne damuwarka, ka nemi abokin karatu ya kwafa maka Ubuntu 24.04 ɗin a kile (USB).

Ka kuma kula da make -j, umarnin da ke ƙayyade yawan ayyukan harhaɗawa a lokaci guda, domin idan ka sa ayyuka huɗu lokaci guda a kan giga 4, ƙwaƙwalwa za ta cika, tsarin ya kashe cc1plus (ɓangaren GCC da ke harhaɗa C++), kai kuwa ka ɗauka laifin manhajar ne. Ka tsaya a -j2.

Sani (Ali Ɗan Sofo):
Na gode, Malam, na gode, Yaya Hadiza. CMake ya karɓi g++-10 bayan na share build, amma yanzu ya ce bai ga OpenSSL (laburaren ɓoye bayanai) ba, ko da yake yana kan na'urar.

Malam Isufu:
Laburaren yana nan, fayilolin .h da kwamfaila ke buƙata don amfani da shi ne babu. Ka girka libssl-dev, ƙunshin da ke ɗauke da su.