Sabon zuwa Malesiya, a ba ni shawara

Baban Ummi (Samaru): Assalamu alaikum 'yan zaure. Na sauka lafiya, ina garin Serdang kusa da jami'ar UPM (Universiti Putra Malaysia). Agogonsu ya riga namu da awa 7, sai in kwana ido biyu in wuni ina gyangyaɗi. Ga zufa ba dare ba rana. Waɗanda suka riga mu zuwa ku taimaka, musamman kan abinci da abin da iyali za su taho da shi.

Ɗan Kongo: Barka da sauka Malam. Kafin komai ka yi gwajin lafiya na EMGS (hukumar da ke kula da bizar ɗalibai baƙi), cikin kwana 7 da sauka ake yin sa. Sai ka sayi katin Touch 'n Go, da shi ake hawa jirgin ƙasa na cikin gari (MRT), layin Putrajaya yana da tasha a UPM. In ruwa ya tsuge da la'asar, kuma zai tsuge, ka kira tasi ta manhajar Grab. Babu Keke Napep da za ka ɗaga wa hannu kamar a Kwangila. Wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa, ta hagu motocinsu suke bi.

Maman Sadiq: Sannu da hanya Malam. Ka ce wa maiɗakinka ta shiga Kasuwar Sabon Gari ta yi guzurin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa da yaji. Daddawar ta naɗe ta leda uku ta saka a roba mai murfi, in ba haka ba duk suturarku sai ta ɗauki wari. Kilishi kuwa ta bar shi, suna tsananta shigo da nama. Shinkafa, kaza da kifi kada ta wahalar da kanta, kantin Mydin akwai su, sauran kayan miya a leƙa kasuwar Chow Kit. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙasar kwakwar manja ce amma wanda ke cika shaguna tatacce ne, fari tas. Jan manja irin namu sai an nema a shagunan 'yan Afirka.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Hajiya. Jiya na ci nasi lemak (shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa), miyar barkonon har da sukari a ciki!

Ɗan Kongo: Sambal ke nan, za ka saba. Kafin nan ka riƙe shagunan mamak (wuraren cin abinci na Musulmi 'yan asalin Indiya), roti canai (irin gurasarsu) da teh tarik (shayi mai madara), da yawansu ba sa rufewa har asuba.

Malamin Ƙofar Doka: Ni batun sallah zan tsoma baki. Shafi'iyya ne su, liman zai bayyana bisimilla, kuma a Asuba bayan ruku'u za su ɗaga hannu a yi alƙunutu a bayyane. Ka bi limaminka kawai. Magariba tana kaiwa bayan ƙarfe 7. In kana babban kanti ka nemi allon da aka rubuta "surau", masallaci ne, da wurin alwala.

Maman Sadiq: Kuma kada wani ya ruɗe ka da durian, ɗan itacen nan nasu mai wari.

Ɗan Kongo: Haba Hajiya, ki bar bawan Allah ya ɗanɗana. Toshe hanci ake yi a lomar farko.

Maman Sadiq: Abin da ake hana shiga da shi jirgin ƙasa da otal? Ni dai a kai kasuwa.

Baban Ummi: To na ji. Garin tuwo fa, a taho da na masara ko a haƙura da semo?

Maman Sadiq: Ya danganta da kilo nawa jirginsu ya ba su. Tambayo ta tukuna.