Albashi ke korar ma'aikata daga banki, ko bakin manaja?

Mai POS, Tudun Wada: Jama'a, ƙanwata ta ajiye aikin banki a nan Gusau, gida an ɗauka asiri aka yi mata. Ni dai na ce ba ƙarancin albashi ke korar mutane daga banki ba, wulaƙanci ne.

Dattijon Zaure: Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wane aiki ne babu tsawa? Inda ya fi maiƙo suke hangowa, sai su laɓe da manaja.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Baba, Allah ya ƙara girma, tsawa daban, cin mutunci daban. Shekara 4 na yi. Ran wata Litinin a taron safe manaja ya tsayar da ni gaban kowa, har masinja na wurin, ya ce in ban kawo ajiyar miliyan 50 ba, mene ne amfanin kyan fuskata? Ya ba ni lambar wani mai kuɗi, wai in same shi bayan isha'i. A banɗaki na yi kukana, na gyara ɗankwali na koma kujera. Albashina bai ragu ba ranar, amma ranar na fara neman mafita.

Ɗan Ƙaura: Hajiya, abin da ya yi haramun ne, ba musu. Amma ku tuna canjin kuɗi na farkon 2023. Layi tun asuba, kwastoma na zagin kashiya har iyaye. Ma'aikata nawa suka tafi? Mai iyali ba ya sakin reshe ya kama ganye.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Zagin kwastoma a ƙofa yake tsayawa, Malam. Na oga har gida yake bin ka a waya. Lokacin da aka katse sabis a Zamfara, Satumbar 2021, taget ɗinmu na kawo ajiya ko sisi ba a rage ba.

Ɗan Ƙaura: To ina amfanin ASSBIFI, ƙungiyar manyan ma'aikatan banki? Ga kuma Kotun Ma'aikata.

Mai POS, Tudun Wada: Wanda banki ya ɗauka da kansa ya fi cin moriyarsu. Ƙanwata 'yar kwantiragi ce, takardarta ta wani kamfani ce. Da ta yi ƙorafi, waya ɗaya manaja zai buga a turo wata.

Dattijon Zaure: Wannan kam ban sani ba. Yanzu me take yi?

Mai POS, Tudun Wada: Tana shagona, Baba, tana cirar wa mutane kuɗi.