Na yi karatun farmasi shekara 7, yau ji nake kamar mai jiran kanti

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni barci. Ni farmasiyan ne a Garwa, Kamaru. Shekara 7 na yi a Duwala ina karatu, baba ya sayar da shanu har da bijimin da yake ji da shi, inna tana aiko min da kilishi da dakakken yaji a mota, ranar da na dawo da takarda unguwa kaf sai "dokta, dokta". Yanzu shekara 5 ina aiki a farmasin wani, in miƙa magani in karɓi sefa in ba da canji, shi kenan. Satin gardi kuwa kwana nake a zaune bayan 'yar taga. Jiya da dare wata tsohuwa ta kawo odonas, wato takardar likita, ta jikanta, Coartem da amoksisilin, ta kwance bakin zani kuɗin bai kai rabi ba, tace bari ta je wajen masu tire a kasuwa, maganin da ya wuni a ranar Garwa. Na cika mata daga aljihuna amma nawa zan cika? Wata ƙungiyar agaji ta kira ni aiki wajen Marwa, kwantiragin shekara 1. In tafi ko in zauna?

Alhaji na Ngaundare: Kai ƙanena ka saurare ni da kyau. Kwantiragi ba aiki ba ne, aron riga ne. Ka nemi izinin ma'aikatar lafiya ka buɗe naka, ai kana cikin Ordre, ƙungiyar farmasiyan ta ƙasa, ko? Ka bar cikin Garwa, ka duba garin Gidar ko garin Fitowa, dillalan magani Laborex da Ubipharm su kawo maka kaya. Magana ta ƙare.

Mai tambaya: Alhaji ina jarin? Kuma ni ba kuɗi ne damuwata ba, ilimin ne yake ruɓewa a kaina.

Yaya daga Marwa: Ƙanena ka zo kawai. A can za ka riƙe sito, ka lura da sanyin allurar rigakafi, ka koyar da ma'aikata, za ka ji kai ma'aikacin lafiya ne. Amma in aikin zai kai ka Mora ko Kolofata ka tambaya tun yanzu saboda matsalar tsaro, kuma kana da iyali? ba ka faɗa ba.

Wata 'yar uwa: Ku kam kuna da zaɓi. Ɗan yayata mai moto tramol ya gama da shi, kullum a bakin tasha yake saye ba mai tambayar takarda, mun kai shi asibiti sau 2, uwarsa har ta daina kuka. Irinku in kuka gudu wa zai ce wa yaran nan a'a?

Alhaji na Ngaundare: Shi ya sa nace ya buɗe nasa! Mai gida shi ke cewa a'a, yaron gida sai abin da aka ce. Jari kuma a haɗa adashi da dangi, ni da buhu 3 na fara.

Mai tambaya: Wlh ina cewa a'a Alhaji, har zagi na sha kan tramol. Kuma ba gudu zan yi ba 'yar uwa. Na zauna ne saboda baba ba lafiya, hawan jini, ni ke auna shi duk safiya, ba wai na rasa zuciya ba ne.

Yaya daga Marwa: To ai wannan ya kamata ka fara faɗa. Garwa da Marwa tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba, ka koya wa wani a gida awon.

Mai tambaya: Ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ni. Ranar Litinin ƙungiyar ke jiran amsa.