Muhawarar daren jiya: wai su wa ake nufi da Turawa?

Baban Khalifa: Jama'a ni fa abin nan ya ishe ni. Jiya a majalisa na ce gidajen rediyon waje ba don Allah suke ba mu labari ba, sai wani yaro da ko ƙanina na uku bai kai ba ya ce wai zargi ya yi min yawa, aka yi ta min dariya. To ku ji da kyau. A watan Afrilun 1951 shugaban Amurka Truman ya kafa kwamiti sukutum, aikinsa kawai tsara yadda za a juya tunanin mutanen duniya a rigimarsu da Tarayyar Sobiyet, a ciki akwai mataimakin ministan harkokin waje da na tsaro da shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, wani Gordon Gray aka fara ɗora wa ragamarsa. A 1953 Eisenhower ya rushe shi ya kafa wani a madadinsa, ya kuma buɗe hukumar yaɗa labarai ta USIA. Turawa sun daɗe suna wasa da hankalinmu muna tafa musu. Wanda ya isa ya musa.

Kwamared: Yaya gyara bakinka. Ka ce Amurka, kar ka ce Turawa ka yi mana kuɗin goro. Su waye suka buɗe jami'a a Mosko a 1960 don yaranmu, har suka sa mata sunan Lumumba, firaministan Kongo, bayan an kashe shi? Lokacin yaƙin basasa da Amurka ta ƙi sayar mana da makamai su wa suka kawo jiragen yaƙi na MiG?

Ɗan Zazzau: To su Rashawan baƙaƙe ne? Jar fata, dogon hanci, ƙasar sanyi, in ba Turawa ba ne to Buzaye ne?

Kwamared: Bature shi ne wanda ya zo ya yi maka mulkin mallaka. Nuna min ƙauye ɗaya a ƙasar Hausa da Barashe ya karɓi haraji ko jangali.

Ɗan Zazzau: Ashe kenan Amurka ma ba Turawa ba ne, don su ma ba su karɓi jangali a Zariya ba. Ka kashe kanka da bakinka kwamared hhhh

Malam Na Bakin Kasuwa: Ku yi haƙuri in sa baki. Kalmar nan ta wuce launin fata tuntuni. Muna cewa baturen zaɓe, baturen 'yan sanda, baturen gona, kuma dukkansu baƙaƙe ne wuluk irina. Duk wanda ya hau kujerar da Bature ya bari shi ma Bature ne a bakin Bahaushe.

Ta Maraɗi: Mu nan annasara muke cewa, ba mu da wannan wahalar taku. Kuma mun ga sojojin Faransa sun tattara sun tafi a ƙarshen 2023, a 2024 na Rasha suka shigo, dukkansu annasara ne.

Kwamared: Hajiya ai ba ɗaya ba ne, na farkon shi ya zo da kansa, na biyun ku kuka gayyato shi.

Ta Maraɗi: Ni ban gayyaci kowa ba ɗan uwa, ba a tambaye ni ba.

Mai Nazari: Dan Allah mu koma kan maganar Baban Khalifa, akwai abin dubawa a ciki. A 1950 an kafa wata ƙungiyar raya al'adu a Balin ta Jamus wai ta 'yancin tunani, tana ba mujallu da marubuta kuɗi a ƙasashe da yawa, ita ta tallafa wa kulob ɗin marubuta na Mbari a Ibadan, ita ta ɗauki nauyin taron marubutan Afirka a Makerere ta Uganda a 1962, sai wajen 1967 asiri ya tonu cewa kuɗin CIA ne, kuma da yawan waɗanda suka ci ba su ma san daga ina yake fitowa ba. Ɗaya ɓangaren ma ba barci suke ba, hukumar leƙen asirin Sobiyet ta KGB ce ta dasa labarin cewa Amurka ta ƙirƙiro cutar ƙanjamau, ta fara da wata jarida a Indiya a 1983 har ya zagaye duniya.

Kwamared: A ina ka gani? A Muryar Amurka ko?

Mai Nazari: Primakov da kansa, shugaban leƙen asirin wajen Rasha, ya amsa a 1992.

Kwamared: 1992 ai an riga an sayar da ƙasar, kowa faɗin abin da za a ba shi dala yake.

Ɗan Zazzau: Malam Na Bakin Kasuwa ni ban yarda da fassararka ba. Baturen zaɓe aro ne, kamar ka ce da jarumi zaki. Asalin kalma tana nan inda take.

Malam Na Bakin Kasuwa: Yau kuma Bazazzagi ne zai koya min Hausa? Ikon Allah.

Ɗan Zazzau: Ranka ya daɗe a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, lokacin ku kuna kasuwa kuna ƙirga kwabon.

Malam Na Bakin Kasuwa: Jaridar da Turawan mulki suka kafa kake alfahari da ita? To ga ɗan koren da Baban Khalifa ke nema mun samo masa.

Auta: Ni tambaya ɗaya gare ni kawu. Ka ce an rushe kwamitin a 1953, sashen Hausa na Muryar Amurka kuma sai 1979 aka buɗe, BBC Hausa 1957 kuma ta Ingila ce. To ina haɗin? Rediyon Mosko ma ai yana da sashen Hausa a da, na Sin ma tun 1963, su ba ka ambace su ba.

Baban Khalifa: Kai ne yaron jiya ko? Wallahi na gane rubutunka. Wa ya saka ka a nan?

Auta: Kawu ni ban je majalisarku ba.

Baban Khalifa: To duk tafiyarku ɗaya. An canza wa kwamiti suna ne kawai, aikin yana nan. Ni na gama magana.

Kwamared: Kafin ka tafi ka janye kalmar Turawa.

Ɗan Zazzau: Kar ka janye yaya. Kwamared in Rashawan naka masoyanmu ne su zo su ƙarasa mana masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, shekara arba'in da wani abu muna jiran ƙarfe.

Kwamared: Su suka cinye kuɗin? Tambayi 'yan uwanka.

Ta Maraɗi: Sai da safenku, ni chajina ya ƙare.

Shugaban zaure: To jama'a dare ya yi, ga taƙaitawa don waɗanda ba su bi ba. Baban Khalifa ya kawo maganar kwamitin Truman, kuma babu wanda ya iya ƙaryata shi. An tabbatar Amurka ta sayi marubutan Afirka da kuɗin CIA. Maganar ƙanjamau da aka jingina wa Rasha ba a kawo mata gamsasshiyar hujja ba. Kan kalmar Turawa kuwa rinjaye ya nuna ba ta haɗa da Rashawa ba, kamar yadda Kwamared ya yi bayani mai kyau. Ɗan Zazzau a rage tsokana. Na rufe.

Ɗan Zazzau: Wane rinjayen? Mutum ɗaya ne fa, kuma kowa ya san a Mosko babanka ya yi karatu shugaba.