Wai akwai ɗan asali a Fagge?

Na-Goggo: Salamu alaikum jama'a. Yau da safe na bi ta layinmu na tarar katafila ta gama da gidan kakanmu. Zaure, soro, ɗakin Goggo mai rufin azara, duk sun zama ƙasa. Rijiyar tsakar gida da muka sha tun muna cikin tsumma an cike ta da ɓaraguzai. Durumin ƙofar gida da almajirai ke karatu a gindinsa an sare shi. Filaza za a yi, shaguna sama da ƙasa, a jibge dilolin atamfa. Gida na huɗu ke nan a layin cikin shekara biyu. Kantin Kwari na cinye Fagge gida-gida, mu 'yan asalin unguwa an watsa mu, wasu Kurna, wasu Rijiyar Zaki, kuma ba mai cewa uffan. Don Allah in akwai mai tsohon hoton layin bayan Dandali ya taimaka min, ina so in nuna wa yarana.

Hajiya Yaya: Allah sarki. Allah ya jiƙan Goggo. Na sha furarta, a ƙwarya take damawa, ba ta yarda da kwanon roba.

Ɗan Cikin Badala: Allah ya mayar da alheri. Amma ɗan uwa kalma ɗaya zan gyara maka. Asali? Fagge ba ta da ɗan asali. Zango ce. Nan ayarin Buzaye ke sauke raƙuma a bayan ganuwa, su huta, gari ya waye su shigo da kanwa da gishiri kasuwar Kurmi. Mai masauki daban, baƙo daban.

Na-Goggo: Malam, gidanmu aka rushe, kai kuma abin da ya tsone maka ido ke nan?

Jikan Azbin: Bar ni da shi. Ni jikan masu raƙuman ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kakan kakana daga Agadas ya zo, kantun gishirin Bilma yake kawowa. Har na yi wayo akwai turken raƙumi a bayan gidanmu, kututturen giginya ne, igiya ta ci gefensa ya yi santsi. Kai da bakinka ka ce zango ce tun zamanin ayari. Ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki 1463. Mutum ya shekara ɗari biyar a wuri ka ce masa baƙo? Sai yaushe zai zama ɗan gida?

Ɗan Cikin Badala: Ko shekara dubu ne. Me ake ce muku? Waje. Birni da Waje. Ni na raɗa muku sunan?

Malam Na-Wapa: Allah ya gafarta malam, mu shiga cikin badalar taka mu ƙirga. Agadasawa su wa ye? Zangon Barebari fa, sunan kansa bai ishe ka ba? Tudun Nufawa? Ayagi ba Yarabawa suka kafa ta ba? Dandalin Turawa ba Larabawa ba ne? Wangarawa zuwa suka yi zamanin Sarki Yaji. Bagauda ma zuwa ya yi ya tarar da mutanen Dala. In zuwa ne baƙunta, kowa ya ɗauki jakarsa, a bar wa maƙeran Dala garinsu.

Ɗan Cikin Badala: Su sun shigo ciki. Ku kun tsaya a ƙofa.

Uwar Biyu: Hhh. Wato asali katanga ce. To katangar ma ai ta zube, mutanenku sun yanka ta filoti-filoti.

Ɗan Cikin Badala: Hajiya ki iya bakinki. Wa ya yanka? Kawo suna.

Uwar Biyu: Ni ba 'yar sanda ba ce. Ka bi ta BUK Road ka buɗe ido.

Auta: Ni fa tambayata daban. Fagge ne ko Fage? Malaminmu ya ce daga fage ne, kamar fagen dambe.

Jikan Azbin: Malaminku ɗan ina ne?

Auta: Ɗan Zariya.

Jikan Azbin: To ya je ya gyara Tudun Wada tukuna.

Alhaji Mai Shadda: Ina karantawa tun ɗazu, na ga ana neman a ɗora wa 'yan Kwari laifi. Kasuwar nan ba yau ta sauka a Fagge ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari 1913, Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, suka zauna Fagge ta Kudu, kanti a gaba, gida a baya. Kantunan nan su ne tushen Kwari. Kakanninku da yawa a wajen Kwaran suka yi yaron kanti, wasu suka yi awon gyaɗa. Yau kasuwa ta girma sai a ce ta ci unguwa? Ba wanda muka ƙwace wa gida. Ciniki ake yi, a biya la'ada, a sa hannu gaban mai unguwa.

Auta: Au, shi ya sa ake cewa Kantin Kwari? Daga Kwara?

Malam Na-Wapa: A'a, kwari ne na ƙasa, gangare. In an yi ruwan sama je ka gani.

Alhaji Mai Shadda: Shekarata talatin a ciki, za ka koya min sunan kasuwata?

Malam Na-Wapa: Alhaji shekarata talatin ina canji a Wapa, rabin abokan sana'ata ba su san sunan daga kamfanin jigilar alhazai ya samo asali ba. Zama a wuri ba sani ba ne.

Ɗan Cikin Badala: Yawwa! Ka faɗa da bakinka. Zama a wuri ba asali ba ne.

Malam Na-Wapa: Sani na ce, ban ce asali ba. Kada ka sa min magana a baki.

Ƙanwar Na-Goggo: Yaya ka yi haƙuri, amma tunda ka kawo maganar cikin mutane. Wa ya sayar da gidan? Mu ashirin da uku ne magada. Baffa ya ce a bari a gyara, kai ne ka fara cewa gidan ƙasa duk damina sai yaɓe, ba ka da kuɗin yaɓe. Ranar da aka raba ba ka yi kuka ba. Ni da aka ba rabin naka ban zo nan na yi ƙorafi ba.

Na-Goggo: Ke, ki same ni a waya. Ba nan ba ne wajen wannan.

Uwar Biyu: Tab. Ashe katafilar daga cikin gida ta taso.

Hajiya Yaya: Ku bari mana. Wanda bai taɓa zaman rabon gado ba shi ke dariya.

Tsohon Ɗan Sawaba: Ni ba ruwana da gadonku. Mai cewa Fagge baƙi nake so ya amsa min. Da aka kafa jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano a 1950, ana kama mutane ana kai su gaban alƙali saboda sun ɗaga murya, su wa suka tsaya wa talakan Kano? Mahaifina tela ne a Fagge, a zaurensa ake ɓoye katin jam'iyya cikin ƙyallaye. Rigimar watan Mayun 1953 ma a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka yi ta. Lokacin ba ku ce mana baƙi ba.

Malam Na-Wapa: Baba, ta 1953 kam a bar ta, rayuka aka rasa ta kowane ɓangare, ba abin tutiya ba ne.

Ɗan Cikin Badala: Malam Aminu ɗan Sudawa ne, cikin gari. Ku kuna can layin tikiti a Plaza. Unguwar sinima.

Tsohon Ɗan Sawaba: Yaro, sinimar Palace a ina aka gina ta? Ba Jakara ba? Tambayi babanka inda yake zuwa bayan lisha.

Ɗan Cikin Badala: Kada ka sako ubana.

Tsohon Ɗan Sawaba: Kai ka sako kakannin unguwa guda.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, zan rufe. Ga abin da na fahimta. An yi ittifaƙi Fagge zango ce tun fil azal, har jikan masu raƙuma ya amsa da bakinsa, don haka maganar asali ta faɗi. An kuma tabbatar ba wanda 'yan kasuwa suka zalunta, magada ne ke kawo gidajensu da kansu, kuma mu da ke Kwari mun san iyali nawa ke ci daga shago ɗaya. Zancen sunan kasuwa na bar wa Alhaji, shi ne babba a harkar. Baba Ɗan Sawaba a rage zafi. Ɗan Cikin Badala ya kawo hujjoji masu kyau, sai dai a riƙa tausasa harshe.

Jikan Azbin: Ittifaƙi da wa? Yaushe na amsa?

Malam Na-Wapa: Shugaba, faɗa musu unguwarku da lambar shagonka.

Na-Goggo: Hoton fa, jama'a?

Auta: Yaya ga wani na samo, baƙi da fari ne, har da raƙuma.

Hajiya Yaya: Wannan ai Ƙofar Mata ce, ɗan nan.